Hoton Ƙirjin Gado

A asibitin Yawuri aka ɗaga ƙirjina ga hasken taga.
Haƙarƙari jere kamar katakon kwalekwale,
can sama, dama, wani fari-fari
kamar yashin da ya tsaya tsakiyar Kwara.

Malama Tumba ta ɗora yatsa:
"Ga tarin fukan. Wata shida, Gado,
kullum kafin koko."

Fitsari ya koma ruwan zoɓo.
Wata biyu, tari ya kwanta,
na tashi da malmala uku, na ja taru.
Zuciya ta ce: ka warke, bar ɓarnar kuɗin mota.

Amma ni masunci ne.
Tarwaɗar da ta daina motsi cikin jirgi
likimo ta yi.

Yau ma na haɗiye huɗu.
Ɗiyata ta ja layi a kati.