Takardar Bakin Ruwa

Ranar Laraba suka iso mashigin Yelwa,
mutum biyu da jaka guda,
suka manna takarda jikin turken da nake ɗaure jirgi.
Ni ban yi boko ba.
Sahura ce ta karanta mini, tana bin layi da ɗan yatsa,
hannunta na ƙanshin banda.

Ta ce: Baba, kai ɗaya ɗari biyar,
ko kogi ya kawo, ko ya janye.
Buhu ɗari biyu, akuya rabin mutum.
Ɗan makaranta in yana cikin rigarsa, kyauta.
Mai naƙuda kyauta, ita da mai riƙe da ita.
Wanda ya ba saba'in baya, kyauta.
Kuma talatin ne cikon jirgi, ko ɗaya kada ya hau.

Na ce: sauka ƙasa, ina layin fetur?
Ta duba gaba, ta leƙa baya,
ta ce: Baba, ba su sa shi ba.
To inji dai ba ya jin doka,
abin da ya sha shi ya sani.

Kashegari kowa ya tsufa.
Bagudu da muka ja taru tare bara
ya zo dogare da sanda, yana tarin ƙarya,
wai saba'in da biyu.
Wa ke da takardar haihuwa a tsibiri?
Mu da ake ƙirga mana shekaru da ambaliya da fara.

Sai na kafa tawa kotun a kan yashi,
tambaya ɗaya tak:
Shekarar da aka datse kogi, ruwa ya hau garuruwanmu,
me ka ɗauko a kanka?
Wanda ya ce goyo aka fito da shi, ya biya.
Wanda ya ce labari ya ji, ya biya.
Bagudu ya yi dariya, ya jefar da sanda, ya biya.

Inna Tumba ta daɗe tana kallon ruwa.
Ta ce: dutsen niƙan uwata.
Na kai shi rabin hanya wuya ya gaza,
na aje gindin tsamiya, da nufin in dawo.
Kullum ta kansa kake bi, Gado,
can inda kake kauce wa kututture.
Ban ce komai ba. Na share mata katako.

Akwai kuma mai kaki
da ke zama a goshin jirgi, ƙafa kan ƙafa.
Sau uku na sa Sahura ta sake karantawa,
ba sunansa, ba na hularsa.
Shi tasa kyautar ta girmi takarda.

Ranar kasuwa, cikin talatin
sha ɗaya doka ce ta ɗauko su.
Ɗan kamasho ya raɗa mini: ƙara goma,
ruwa kwance yake, wa zai ƙirga?
Kogi zai ƙirga.
Na san gefen jirgi in ya rage yatsu huɗu,
na taɓa tsamo waɗanda aka ƙara,
na jera su a wannan yashin, an rufa da zannuwan aro.
Na ce a'a, na ja igiya.

Ba na ƙin dokarku, masu jaka.
Yaran nan da ke karatu da ƙarfi bisa ƙarar inji
ba zan miƙa musu hannu ba ko kun yage ta.
Amma ku zo ku hau sau ɗaya,
ku zauna kusa da jarka,
ku ga yadda take ramewa kafin mu ga Zamare,
sannan ku koma ku ƙara layin da kuka manta.

Ruwan sama ya wanke rabin takardar,
ɗari biyar ɗin ma da kyar ake gani.
Inna Tumba in za ta sauka
takan cusa mini ƙullin ƙuli-ƙuli a aljihu,
ba ta dubana, ba na godiya.
Wannan ma ba ya cikin doka.
Ni kuma in mun zo wajen kututturen nan
nakan rage wuta,
ko da lita ɗaya ta rage.