Tuna Mini Gobe

Kullum na buɗe shago, kafin in share ƙofa,
kafin mai ƙosai ta ɗora kasko a bakin titi,
saƙon nan na tsugune a kusurwar allo
kamar mai bin bashi da ya san hanyar gida:
wai manhajata ta tsufa, masu ita sun janye hannu,
ga sabuwa, in karɓa yanzu ko a tuna mini gobe.
Gobe nake cewa.
Wata bakwai ke nan ina cewa gobe.

Shekara goma sha ɗaya muke tare da kwamfutar nan
a rumfar da ke kallon kotu, nan Garwa.
Da ita na buga takardar filin Bappa Hamajoda,
da ƙarar da ya shigar, da ƙarar da ya janye,
da sunayen magadansa ranar da aka raba.
Na san tarinta na safe.
Na san in wuta ta ɗauke ta dawo
sai na ba ta tsawon kofin shayi guda
kafin ta tuna inda take.

Dalhatu, ɗan ƙanena, ya dawo daga Ngaundare
da jaka a baya, da karatu a baki.
"Goggo, kina kwana a ɗakin da aka cire wa ƙyaure.
Duk filas ɗin da ɗalibi ya soka miki
da cutarsa yake zuwa."
Bai yi ƙarya ba.
Bara wata ta cinye mini rasit na wata uku,
na kwana biyu ina sake bugawa da idon da ke ruwa.

Sai na ce ya duba firinta.
Ya juya ta, ya karanta bayanta, ya sosa ƙeya.
Sabuwar ba ta jin yaren tsohuwar nan.
Sai wata firinta, jaka tamanin da biyar,
sai ƙarin ƙwaƙwalwa, sai data mai yawa,
ni da nake karɓar dala ashirin a shafi.

Ya ce, "Sabo turken wawa, Goggo."
Na ce, "Wane sabon? Nawa ko naka?"

Akwai abin da na daɗe ban faɗa ba.
Malam Sali ne ya koya wa maɓallan nan lanƙwasa,
ɓ da ɗ da ƙ da ƴ,
don kada ƙasa ta zama kasa a takardar gado,
kada ɗa ya ɓace ya koma da,
kada Bafulatana ta ga sunan ɗanta babu ƙugiya.
Wuni guda ya yi a kujerar nan yana ɓare gyaɗa,
ko dala bai karɓa ba.
Damina uku ke nan da muka yi masa addu'ar arba'in,
bai bar wa kowa yadda ya yi ba.

Dalhatu ya ce a sabuwar aikin minti biyar ne.
Na yarda.
Ba mintocin nake tambaya ba.

Jiya da yamma na bi ta gadar Binuwai,
na ga masunci yana kwarfe ruwa daga kwalekwale,
hannu ɗaya ƙwarya, hannu ɗaya filafili.
Yana tafiya, ban ce ba ya tafiya ba,
amma rabin ƙarfinsa na komawa kogi.
Na tsaya har mai babur ya yi mini oda.

Da daddare na kwashe komai a filas,
shekara goma sha ɗaya, ba ta kai ɗan yatsa ba,
na ɗaure a bakin zane inda nake ɗaure canji.
Na ce wa yaron ya zo Lahadi, kotu a rufe,
ya fara nuna mini ƙugiyoyin a tasa injin
kafin ya taɓa tawa.

Yau Alhamis.
Ga wata tsohuwa a benci da takarda a leda,
alƙali na jiranta ƙarfe goma.
Saƙon ya leƙo.
Na danna gobe, na ce, "Inna, faɗi sunanki a hankali."