Takalmin Harafi

Wuta ta dawo ƙarfe huɗu saura kwata,
na kunna kwamfuta kafin ta sake shawara.
Kalma biyu kacal Goggo Lantana take so
a allon gidanta na bayan gadar Kwangila:
Masaukin Baƙi.
Ta biya rabi, sauran sai ta gani da idonta.

Na jera su a fuskar gilashi.
Ga masu takalmi,
kowanne da 'yar dunduniya, da ɗan karin kafaɗa,
tsaye ƙiƙam kamar lauyoyi a ƙofar kotu.
Ga marasa takalmi,
sumul, ba kwalli ba turare,
kamar ɗaliban Samaru da suka makara lacca.

Baba Tanimu ya jawo kujera.
Shekara talatin yana tsintar haruffan dalma
a wata maɗaba'a a Tudun Wada,
har yau tawada ba ta bar farcensa ba.
Ya ce, "Yaro, harafin da ba takalmi
ina za shi?
Wannan 'yar dunduniyar ita ke riƙe wa ido hannu
ta kai shi ƙarshen layi bai yi tuntuɓe ba."

Na ce, Baba, ai a littafi ke nan,
inda ido ke zaune ya miƙe ƙafa.
Direban da ya kwaso gajiya tun daga Funtuwa,
fitila ɗaya, hayaƙin tirela a gabansa,
ƙiftawa guda gare shi.
Ba ado yake nema ba, gado.

Ya yi tsaki. Muka buga duka biyun,
muka manna a jikin rumfar mai shayi,
muka dinga ja da baya.
A taku goma nasa ya fi kwarjini, na yarda.
A taku talatin takalman suka narke,
suka zama tururuwa a gindin layi.
Nawa yana nan, fes.
Har na soma murmushi.

Sai ga Zuwaira, jikar Goggo, 'yar aji huɗu,
ta tsaya da ledar gawayi a hannu,
ta karanta da ƙarfi:
"Masaukin baki? Bakin wa?"

Shiru.
Mai takalmin da marar takalmin
babu wanda ya san ƙugiyarmu.
Can inda aka haife su
ba a raba ƙafa da kafa,
mu kuma muna ta musu a kan sawu
ba wanda ya ɗaga kai ya dubi kai.

Har magariba ina tono.
Na samo wani, ba kyakkyawa ba ne,
kafaɗa faffaɗa irin ta ɗan dako,
amma ƙa ɗinsa ta lanƙwaso daidai.

Baba ya goge tabarau da gefen riga,
ya daɗe yana kallo.
"To. Takalmi dai babu,
amma ya sa hula."
Ya miƙe, ya tsaya a bakin ƙofa:
"Rasit ɗin kuwa, da nawa za ka buga."

Kafin in amsa, suka ɗauke wuta.