Kwana da Mesa

Shekara nawa ina ce wa Barira sharri take mini,
ni dai ban taɓa jin minsharina ba.
Ta ce, "Malam, ba minsharin ke hana ni barci ba,
shirun da ke biyo bayansa ne.
Sai ka tsaya cak, kamar keken da zare ya sarƙe,
in ƙirga goma, in ƙirga ashirin,
in kai hannu in girgiza ka,
ka zabura kana haki kamar an tsamo ka daga Kubanni."

Da rana kuma allura ke tona mini asiri.
Ina zaure a Ƙofar Doka, aska takwas a cinyata,
gyangyaɗi ya sace ni a tsakiyar tambari.
Na farka da jini a babban yatsa,
ɗigo guda a farar shaddar mutane.
Ranar na biya kuɗin yadi,
washegari na hau motar Shika.

Suka kwantar da ni, suka liƙa mini wayoyi
kamar rediyon da aka kai gyara Sabon Gari.
Da safe likita ta juyo mini takarda:
"Baba, sau arba'in da ɗaya cikin awa guda
maƙogwaronka ke rufe ƙofa."
Na ce, to wa ke buɗewa?
Ba ta amsa ba. Ni ma na san amsar.

Sai ga ni a gida da ɗan akwati,
da mesa, da takunkumi.
Ni Dalhatu, da furfurata!
Takunkumin da na sani na jaki ne,
don kada ya taɓa dawar maƙwabta.

Daren farko iska ta yi ta kutsowa
kamar baƙon da bai iya sallama ba.
In na buɗe baki ta fice ta nan tana fito.
Hanci ya bushe, ido ya yi yaji,
ƙarfe biyu na fizge abin na cilla bayan gado.
Dare na biyu na kai ƙarfe uku.
Na uku aka ɗauke wuta,
na tashi ina kokawa da roba cikin duhu
ina tsine wa mutanen da ban san sunansu ba.
Mamuda mai gyaran wuta ya haɗa mini batir,
ladan riga biyu ya tafi a nan.

Jikana Tasi'u ya leƙo ya ruga da gudu:
"Kaka ya zama giwa!"
A sahun asuba wani ya dubi sawun maɗauri a kumatuna,
ya ce, "Da tsufanka aka yi maka bille?"
Ran Juma'a Barira ta wanke mesar ta shanya a igiya,
kajin gidan nan duk suka watse.

A dare na goma sha tara na yi mafarki.
Ba wani abin kirki ba:
mahaifina ne ke neman almakashinsa a ƙarƙashin tabarma.
Amma rabona da mafarki
tun kafin a aurar da autarmu.
Kiran salla ne ya tashe ni, ba shaƙewa ba,
kaina wasai, babu dutsen nan da na saba ɗauka a goshi.

Na juya, sai na ga Barira zaune, ido biyu.
Ta ce, "Na kasa barci.
Ina ta jiran inda zan fara ƙirga."
Na kamo hannunta na ɗora a ƙirjina,
yana hawa, yana sauka,
na'urar na ta hucinta a hankali kamar tukunyar da aka rage wa wuta.

Har yau ba son abin nake ba.
In zafi ya yi zafi, gumi kan taru a ƙarƙashin robar,
in ji kamar in yar.
Amma jiya na gama wuyan riga tun kafin la'asar,
na ɗaga yatsuna goma na duba,
babu wanda allura ta taɓa.