Ɗakin da Yake Kwana

Asuba a Gadarif.
Babikir bai ko hura wutar shayi ba,
ni kuwa na riga na farfasa ƙanƙara,
na kafa 'yan kwalabe huɗu a cikinta
kamar ƙwan zabo a yashi.

Abin da ke gindin kwalbata bai kai ƙwayar riɗi ba.
Ƙwayoyin cuta ne, masu kumbura saifar yara
a ƙauyukan bakin Rahad.
Kowace ɗaya gida ce sukutum:
tsakar gida, katanga, ƙuryar ɗaka.
Shekara biyu muna bin sawun wani furotin.
Mun san sunansa, mun san nauyinsa,
ɗakin da yake kwana ne ya gagara.

Dakta Sittana ta ce ba a shiga gida da gatari,
sallama ake yi.
Don haka ruwan farko mai ladabi ne,
sabulu ɗan mitsitsi, ya huda bango bai rushe ba,
duk mai zaman tsakar gida ya fito don kansa.
Injin juyi, minti goma.
Na tsiyaye na sama, na bar na ƙasa.

Ruwa na biyu ba shi da kunya.
Katangar kanta yake narkarwa,
har da masu jingine da ita.
Na uku gishiri ne, mai yawa,
shi ke ɓamɓare yatsun
masu rungume da kundin gado a ƙurya.

Ana tsakar juyi wuta ta ɗauke.

Injin ya yi ta gunaguni yana sassautawa.
Ƙanƙara ta fara gumi, ni ma haka.
Can waje Babikir na jan igiyar janareta,
ja ɗaya, ja biyu, tsaki,
ni ina tsaye da bokiti a ƙirji kamar mai jego.
A duhun nan Iya Tabawa ta faɗo mini,
gwiwa a ƙasa, muciya a turmin gyaɗa,
tana ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan.
"Mai ba ya jin ƙarfi, 'yar nan,
lallashi yake ji."
Ubanta ya baro Haɗeja a ƙafa, niyyarsa Makka,
ya tsaya nan noman damina guda don guzuri.
Har yau daminar ba ta ƙare ba.

Ja na biyar wuta ta dawo.

Saura guggubi, mai taurin kai,
wanda ruwa uku suka bi ta kansa bai motsa ba.
Shi sai sabulu mafi kaifi, sai tafasa.
Ginshiƙan gidan ke nan.

Bayan kwana biyu amsa ta fito a farin tantani:
baƙin zane a layin farko,
ga wani kuma a layi na huɗu.
Tsakaninsu wayam.
Sittana ta cire tabarau ta murza ido.
"Aikin ɗaukewar wuta ne. Ɗumi ya ɓata. A sake."

Na sake. Ƙanƙara sabuwa, dizal cike da tanki.
Na sake kuma ranar Asabar.
Zane biyu, ba ragi.
Rabinsa na fita da sallamar farko,
rabinsa sai an tafasa gidan.

Na rubuta a kundi da Larabci, daga dama,
cewa an same shi a wuri biyu.
Ban ƙara komai ba, kundi ba ya son surutu.

Da yamma mai raksha ya dube ni ta madubi,
ya ce, "Ke 'yar ina ce?"
Na ce Gadarif, unguwar bayan kasuwar riɗi.
Ya ce, "A'a, asali nake nufi."
Hannuna na ƙanshin sabulun nan har yanzu.
Na ce, "Malam, da wane ruwa kake tambaya?"
Bai gane ba. Ya ƙara muryar rediyo,
muka wuce buhunan dawa jibge har sama.