Tanki Biyar a Yashin Binuwai

Sali ya aiko ta daga Duwala
a motar albasa da ta dawo wayam.
Tsawonta kamu guda,
injinta bai kai gwangwanin tumatir ba.
A jikin kwalin ya rubuta: Baffa, ban da gaggawa.
Ni zai gaya wa!
Shekara talatin da huɗu ina kwance babur a Garwa,
har salansa ta cinye mini kunnen hagu,
na daman ma saura ƙiris.

Shi ya sa na tafi da Dija.
Shekararta goma sha ɗaya,
tana jin takun ƙadangare a kan kwano.

Muka gangara gindin gada bayan la'asar,
inda ruwa ya janye ya bar yashi mai tauri.
Tankin farko ba na tafiya ba ne.
Na ɗora ta kan bulo, ƙafafu na lilo,
na buɗe allura mai ya wadata,
na ɗana wa fulogi wuta, na ja igiya.
Fistin ya cije a sama,
baƙo ne, bai san ɗakinsa ba tukuna.
A ja na bakwai ta yi tari,
ta tofa mini mai a gaban riga,
hayaƙi shuɗi, warin man zurma.
Dija ta ce, Kaka, mura take yi.
Na ce bar ta da murarta,
inji mai mura shi ke ganin baɗi.

Da ya mutu na sauke fistin ƙasa,
muka ɓare gyaɗa har ƙarfen ya huce.

Tanki na biyu, na uku,
tafiyar mai ɗauke da tulu,
ta je, ta kewayo, ta je.
'Ya'yan masunta suka sa mata suna Kunkuru.
Masu babur suka tsaya kan gada suna leƙe,
cikinsu har da yaran da na yaye.
Wani ya ce, Oga, tsufa ya kama motar ma?

Allurar nan kamar fuskar agogo take,
awa guda ake matsa ta, a saurara.
Ni na murɗa awa uku a tashi ɗaya.

Kai, ta tashi!
Yashi ya yi feshi, gada ta ɗauki ihu,
ƙirjina ya koma na ɗan ashirin.
Ban lura hayaƙi ya ɗauke ba.
Bakin Dija kawai na gani yana motsi,
sannan ta ruga, ɗankwali a ƙasa,
ta tare ta, ta toshe salansa da bakin zane.

Ta ce, ba gudu take ba, Kaka, kuka take,
siriri, irin na sauro a cikin kunne.

Na ɗiga yawu a kan injin.
Ko cas bai gama cewa ba ya ɓace.
Ƙishi na ba shi, ni da na san ƙishi.
Na dubi ruwa, na dubi kwalekwale,
na dubi ko'ina ban da gada.

Muka jira. Gyaɗa ta ƙare.
Na mayar da awa ukun da na sata,
na miƙa mata sukundireba.

Tanki na biyar nata ne.
Ta karkata kai, ta rufe ido ɗaya,
ta matsa kaɗan, ta saurara,
ta mayar da rabi.
Zaren hayaƙi ya bi motar har bakin ruwa.
Yawu ya yi rawa, na ƙirga huɗu kafin ya bushe.
Na ce yaya muryar?
Ta ce ta washe.

Kiran magariba, in ji ta, ya taso daga Lopere.
Ita da mota a gaba, ni da kwalbar mai a baya.
Da dare na ce ta rubuta wa Sali:
mun bi a hankali, ba mu yi gaggawa ba.
Ta riƙe wayar, ta dube ni,
ba ta taɓa ko harafi ba.