Rigar Feshi

A Jiratawa nake wa zogale feshi,
iska tana maido mini rabona.
Tsahara, da cikin wata biyu,
ita ke wanke rigar.
Ta ce warin na tayar mata da zuciya,
muka ce laulayi ne.

Bidon da ya ƙare
ta ɗauraye, ta zuba kunu.

Ran suna wanzami ya buɗe zane,
ya daɗe yana kallo.
"Ku kai shi Maradi.
Ƙofar fitsarinsa ta sauka ƙasa."

Likita bai rantse maganin ne ba.
Ya dai tambaya: wa ke wanki?

Yanzu ni ke yi, can bayan gari.
Tsutsa kuwa ta dawo.
Jibi feshi.